Tambayi Likita: Wuyan Baba ya yi baƙi, kuma yana ta ramewa

Wasiƙun da suka zo mini wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi. Wani saƙon murya ya zagaya wayoyin mutane a Jos, wai duk wanda wuyansa ya yi baƙi ko harshensa ya canza, to dajin ciki ya kama shi. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma yadda aka faɗe ta ya firgita masu lafiya, waɗanda kuma ya kamata su garzaya asibiti suna nan zaune. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya, daga wata baiwar Allah a Anguwan Rogo: Likita, mahaifina tela ne, shekararsa 63. Ya daɗe yana fama da olsa, kullum da maganinsa a aljihu. Tun bayan ƙaramar sallah muka ga bayan wuyansa da hammatarsa sun yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri, yana ta susa. Mamanmu ta ɗauka dauɗa ce, ta sa ya dirje da soso, bai fita ba. Yanzu tafin hannunsa ma ya yi kauri, leɓensa ya fito da wasu ƙananan tsiro. Loma uku ko huɗu sai ya ce ya ƙoshi. Rigunansa duk sun yi masa yawa. Wasu na cewa jifa ce. Me za mu yi?

Amsa: 'Yata, Allah ya ba Baba lafiya, ya yi miki albarka da kika sa ido a kansa haka. Ba zan ɓoye miki ba, a duk wasiƙun watan nan taki ce ta fi tayar mini da hankali. Ku kai shi babban asibiti cikin makon nan, kada ku ce sai an ga ƙarshen wani jiƙo ko wata kwalbar magani. Ban ce yana da daji ba, babu likitan da zai yanke wannan hukunci daga wasiƙa. Amma abubuwan da kika lissafa, idan suka taru a jikin mutum ɗaya mai shekarun Baba, dole ne a leƙa cikinsa.

Wannan baƙin da ke fitowa a bayan wuya da hammata da matsematsi, likitoci na kiransa akantosis. Ina ganinsa kusan kullum a asibiti, kuma a wurin mafi yawan mutane ba shi da haɗi da daji ko kaɗan, ƙiba ce ke kawo shi ko ciwon sukari da ke shirin bayyana. Irin wannan a hankali yake zuwa, shekara da shekaru, a jikin mai ƙiba, ba ya damun mutum da ƙaiƙayi sosai, ba ya kuma shiga baki. Akwai wani iri na biyu da ba a cika gani ba. Shi farat ɗaya yake zuwa, cikin makonni ko 'yan watanni, a jikin wanda ya haura shekara 40, wanda maimakon ƙiba ramewa yake yi. Yana ƙaiƙayi, yana bazuwa, yakan kai tafin hannu da leɓe da cikin baki. Idan aka bincika aka tarar daji ne ya tayar da shi, tumbi ne wurin da aka fi samun dajin.

Kina iya tambaya me ya haɗa tumbi da wuya. Ƙarin dajin da ke cikin tumbi yakan zuba wasu sinadarai cikin jini, su kuma su sa ƙwayoyin fata su riƙa hayayyafa fiye da kima. Fatar kanta ba daji ba ce, shi ya sa soso da sabulu da man shafawa ba za su taɓa fitar da baƙin ba. Ki gaya wa Mama ta daina sa shi dirzawa, ciwo kawai zai ji wa kansa. Sau da yawa idan aka cire ƙarin, fatar takan washe da kanta.

Tafin hannun da kika ce ya yi kauri, ki ɗauko shi ki duba a cikin haske. Idan kin taɓa wanke tumbin saniya ranar layya, kin san gefen nan mai gashi-gashi da layi-layi. Idan haka tafin Baba ya koma, zanen hannun ya fito raɗau ya yi tudu-tudu, to ki faɗa wa likita da bakinki, kada ki jira ya gano. Mafi yawan waɗanda aka ga wannan alama a hannunsu akan same su da daji, galibi na tumbi ko na huhu. Don haka za a tambaya ko Baba yana shan taba ko ya taɓa sha, za a kuma ɗauki hoton ƙirjinsa. Ku faɗi gaskiya ko da abin kunya ne a gida.

Duk da haka, ba fatar ce ta fi damuna ba. Loma ukun nan ce. Dattijon da ya saba tashi da malmalar tuwo, yau ya ci kaɗan ya ture kwano, yana kuma zubewa, wannan kaɗai ya isa a yi masa gwaji ko da fatarsa lafiya lau take. Alamomin fata ba kowa suke fitowa wa ba. Mafi yawan masu dajin tumbi har a gano cutar fatarsu ba ta nuna komai ba, in ban da fari na ƙarancin jini. Wanda ya zauna jiran wuyansa ya yi baƙi kafin ya je asibiti zai makara.

A garin nan duk wanda ya ce ƙasan ƙirjinsa na zafi, kafin ya rufe baki an ce masa olsa ce, a miƙo masa omifirazol da maganin ruwa mai fari. Ba wanda ya leƙa ya gani. Magungunan nan suna rage ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa, saboda haka zafi yana lafawa, ko gyambo ne na yau da kullum ko gyambon daji ne. Mutum sai ya ji sauƙi ya ce magani ya karɓe shi, abin kuwa yana can yana girma. Na taɓa duba wani ɗan kasuwa da ya shigo ofishina riƙe da baƙar leda, ya zazzage ta a kan tebur, ba komai ciki sai fankon katin omifirazol da ya shanye. Ya kawo su ne don ya nuna mini bai yi sakaci da lafiyarsa ba, kuma gaskiyarsa, bai yi ba. Babu dai wanda ya taɓa ce masa ciwon cikin da ya ƙi tafiya a shekarunsa dubawa ake yi. Har yau idan na tuna ledar nan raina yakan ɓaci.

Ga abin da za ku tarar a asibiti, don kada ya zo muku baƙo. Likita zai ja fatar idon Baba ta ƙasa ya ga ko cikinta ja ne ko ta yi fari, ya duba ƙwayar idon ko ta yi ruwan ɗorawa irin na shawara. Zai sa yatsu a gindin wuyansa ta hagu, cikin ɗan ramin da ke saman ƙashin da ya taso daga maƙogwaro zuwa kafaɗa, yana neman kaluluwa mai tauri wadda ba ta zafi. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya bayyana alaƙarta da dajin ciki tun 1848. Sannan zai duba cibiya, domin wani lokaci akan sami ƙullutu mai tauri a wurin. Wadda ake jingina wa wannan alama wata ma'aikaciyar jinya ce a Amurka, Sista Mary Joseph, da ke taimaka wa likitan tiyata William Mayo. Ita ke wanke fatar cikin marasa lafiya kafin a shiga da su aiki, sai ta gane cewa masu irin wannan ƙullutu akan buɗe a tarar cutar ta yi nisa. Waɗannan alamomi biyu, idan suna nan, suna nuna abin ya fita daga tumbi. Idan babu su, alhamdu lillahi, amma rashinsu ba ya hana a ci gaba da bincike.

Babban gwajin shi ne na na'urar leƙa ciki, endoskofi. Ana yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da wasu asibitocin kuɗi a cikin gari. Hoton sikanin na ciki da ake yi a ko'ina yana da amfaninsa, yana nuna hanta da ruwa a ciki, amma ba ya nuna bangon tumbi yadda ya kamata. Kada wani ya ce muku sikanin ya fito lafiya ku koma gida ku kwanta.

Ku tafi da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya. Ku nemo hotonsa na sallar bara a waya ku nuna wa likita. Tunda Baba tela ne, ya fi kowa sanin awon jikinsa, ki roƙe shi ya ɗauki tef ya auna ƙugunsa ya gaya miki inci nawa ya ragu. Wannan zai taimaki likita, zai kuma sa shi kansa ya yarda akwai abin dubawa, domin iyayenmu maza ba su cika son a ce musu ba su da lafiya ba. Maganar jifa kuwa, kada ki tsaya jayayya da manya a kai. A ci gaba da addu'a da sadaka, ni ma ina taya ku, a kuma tafi asibiti. Abin da nake roƙo kawai kada ɗaya ya sa a jinkirta ɗaya.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Rikkos: Anti Likita, shekarata 24. Wuyana ya yi baƙi tun ina sakandare. Ina da jiki, al'adata kuma ba ta zuwa daidai. Na shafa man ƙara haske ya ƙi, sai ma ƙara duhu da ya yi. Da na ji saƙon nan na kasa barci.

Amsa: Ƙanwata, kwanta ki yi barcinki. Abin da ya kai shekaru yana nan yadda yake, a jikin budurwa mai ƙiba wadda ba ta ramewa, ba irin na daji ba ne. Amma yana da nasa saƙon. Yana nuna jikinki ya fara ƙin jin sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini, kuma wannan ita ce hanyar da ke kaiwa ga ciwon sukari. Haɗuwarsa da rikicewar al'ada yana sa in yi zargin matsalar nan ta ƙwan mace da ke zuwa tare da ƙiba da fitowar gashi a haɓa. Ki je a auna miki sukari da safe kafin ki karya, ki ga likitan mata. Rage lemon kwalba da yawan sukari a shayi, ki riƙa taka ƙasa, idan nauyi ya ragu wuyan yakan washe.

Man nan kuma ki jefar da shi yau. Yawancinsu suna ɗauke da sinadaran da idan aka daɗe ana shafawa suke ƙona fata ta yi baƙin da ba ya fita, wasu kuma suna sa fata ta yi siriri, har su tayar da sukarin da muke gudu.

Tambaya, daga wani magidanci a Bukuru: Likita, ina aikin haƙar kuza, shekarata 52. Wata uku ke nan harshena ya yi sumul ya yi ja, in na ci yaji kamar wuta. Gefen bakina ya tsage. Ina saurin gajiya, in na hau tudu sai haki. An ba ni maganin ƙarin jini na sha kwalba biyu. Wani lokaci bayan gidana baƙi ne. Kusan kullum da dare ina shan haɗin maganin gajiya.

Amsa: Malam, sannu da aiki, Allah ya sa albarka a nema. Harshe mai lafiya yana da ƙananan tsiro a samansa, su suke sa shi ɗan kaushi. Idan suka goge ya koma sumul yana zafi, gefen baki kuma ya tsage, galibi jiki ya rasa sinadarin ƙarfe ne ko bitamin B12. Duka biyun suna kawo ƙarancin jini, shi ne hakin da kake yi a kan tudu. Mu masu baƙar fata ba a cika gane ƙarancin jini a fuskarmu ba, sai a cikin fatar ido da tafin hannu da farce da harshe. Ka tsaya gaban madubi ka ja fatar idonka ka gani.

Tambayar da nake so ka riƙe ita ce, ina jinin yake tafiya? Mace mai al'ada ko mai ciki an san inda nata yake zuwa. Namiji ɗan shekara 52 da yake cin abinci, idan jininsa ya yi ƙasa, sai a ɗauka yana tsiyaya ne a cikin tumbi ko hanji har sai an tabbatar ba haka ba ne. Jinin da ya zuba a tumbi, kafin ya fito ya narke, shi ya sa bayan gida yake fitowa baƙi wuluk, mai danƙo, mai wari na daban. Maganin ƙarin jini ma yana baƙanta bayan gida, don haka ka tuna da kyau, baƙin ya riga maganin ne ko bayan ka fara sha ya zo? Ka gaya wa likita.

Abin da na fi zargi a wurinka shi ne haɗin nan na dare. A cikinsa akan sami daiklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a haɗe, kuma suna cin bangon tumbi har ya yi gyambo ya riƙa zubar da jini. Ka daina daga yau, in ciwon jiki ya matsa ka sha farasitamol. Amma kada ka tsaya nan ka ce an gano dalili. Dajin tumbi ma haka yake tsiyayar da jini a ɓoye. Akwai kuma wata cuta da bangon tumbi yake sirancewa ya kasa tsotsar B12, masu ita sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da dajin. Ba a rarrabe waɗannan uku sai an leƙa. Ka je a auna jininka, a yi maka endoskofi. Kwalbar ƙarin jini ta uku ba za ta toshe inda yake zuba ba. Idan kuwa ka yi aman jini, ko amai baƙi mai tsaki-tsaki, ko jiri ya ɗebe ka, ko tsakar dare ne a kai ka sashen gaggawa.

Wani abu a gefe, saboda masu karatu da yawa sun yi tambaya a kansa: farin abu da ke manne wa harshe da cikin kumatu, wanda in an goge wurin yake ja, yawanci ba daga tumbi yake ba. An fi ganinsa ga mai ciwon sukari, ko wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa, ko mai cutar da ke karya garkuwar jiki. A yi gwajin sukari da na HIV. Gyambon baki kuma da ya wuce mako uku bai warke ba, musamman ga mai shan taba, likitan haƙori ya kamata ya gani, domin bakin kansa yana yin nasa dajin. Tsagewar leɓe a sanyin Jos na watan Disamba da Janairu, wannan man kaɗanya ya ishe ta.

Tambaya, daga wata Hajiya a Nasarawa Gwong: Ina da ƙananan baƙaƙen tsiro a kumatu da wuya, suna ƙaruwa da shekaru. Mahaifiyata ma tana da su.

Amsa: Hajiya, waɗannan gado ne, sun yi yawa a cikin baƙar fata, ba su da illa. Wanda ake tsoro shi ne a wayi gari cikin 'yan makonni tsiro masu yawa sun feso a baya da ƙirji, suna ƙaiƙayi, ga kuma rama ko ciwon ciki. Naki da suka zo ɗaya bayan ɗaya tun kina amarya, ki bar su. Kada ki bari a ɗaure miki su da zare ko a ƙona da kanwa, tabo za su bari.

Tambaya, daga wata uwa a Gangare: Ɗana ɗan shekara 9 yana da ɗigo-ɗigon baƙi a leɓe da cikin kumatu tun yana ƙarami. Yana yawan murɗawar ciki. Babansa ma yana da ɗigon, an taɓa yi masa aikin hanji.

Amsa: Maman yaro, ɗigo a leɓe shi kaɗai ba abin damuwa ba ne, da yawanmu muna da shi, dasashinmu ma yakan yi duhu. Abin da ya sa na tsaya a kan wasiƙarki shi ne uban yana da shi, an kuma yi masa aikin hanji. Akwai wata cuta ta gado da ba ta da yawa, mai ɗauke da sunan likitoci biyu, Peutz da Jeghers, wadda ke haɗa irin wannan ɗigo da tsiro a cikin hanji da tumbi. A yarinta tsiron yakan sa hanji ya shige cikin kansa ya toshe, a girma kuma yana ƙara haɗarin daji. Ki kai shi wurin likitan yara, ki tafi da takardun aikin babansa in suna nan. Idan ita ce, akan sa ido ne, a riƙa leƙawa lokaci-lokaci ana cire tsiron tun bai zama wani abu ba. Uban ma yana bukatar wannan bibiya. Ranar da ciwon cikin ya zo da tsanani tare da amai, kada a tsaya ba shi jiƙo.

Tambaya, daga wani malamin makaranta a Dilimi: An yi mini gwaji an ce ina da H. pylori. Na karanta cewa ita ke kawo dajin ciki. Shekarata 35. Shi ke nan na kamu?

Amsa: Malam, ba ka kamu ba. Wannan ƙwayar cuta, Helikobakta, likitoci biyu ne a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su cewa ita ke kawo gyambon ciki, Marshall ya shanye ta da kansa a 1984 har ta kwantar da shi, daga baya aka ba su kyautar Nobel a 2005. A 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, kuma ita ce babban sanadin dajin tumbi a duniya. Dajin tumbi ba ƙaramar cuta ba ce, a ƙiyasin cibiyar na 2022 mutum wajen 968,000 suka kamu a shekara ɗaya, kimanin 660,000 suka rasu, maza sun ninka mata.

Amma ka dubi ɗaya gefen. Mafi yawan manya a ƙasar nan suna ɗauke da ƙwayar tun suna yara, ta ruwan sha da cunkoson gida da cin abinci baki da baki. Cikin masu ita, wajen 1 zuwa 3 cikin 100 ne suke kaiwa ga daji, shi ma bayan shekaru masu yawa. Wani likita mai suna Holcombe da ya yi aiki a Maiduguri ya rubuta a 1992 yana mamakin yadda ƙwayar ta cika Afirka amma ba a ganin dajin da yawa kamar a Japan. Har yau ana muhawara a kai. Ni a ganina wani ɓangare na amsar yana cikin mutanen da suke rasuwa a gida da sunan olsa ba a taɓa leƙa cikinsu ba, saboda haka ba na so mu saki jiki da wannan magana.

Abin yi a wurinka mai sauƙi ne. Ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 14, ka sha su cif yadda likita ya rubuta, ko bakinka ya yi ɗaci kada ka yanke. Bayan mako huɗu da gamawa a sake gwaji, na bayan gida ko na numfashi. Na jini ba ya amfani a nan, yakan ci gaba da nuna tana nan ko an kashe ta. Kafin gwajin ka dakatar da omifirazol mako biyu, in ba haka ba sai ta ɓuya. Idan mahaifinka ko mahaifiyarka ko wani ɗan'uwanka na jini ya taɓa yin dajin tumbi, ka faɗa, domin lissafin yana canzawa.

Sauran kuma a kicin yake da aljihu. Gishiri mai yawa yana raunata bangon tumbi, kuma mu muna zuba gishiri mu ƙara dunƙulen magi a kai. Kifi da nama da aka adana da gishiri ko hayaƙi a ci jefi-jefi. Taba da giya suna ƙara haɗari. A ƙasashen Turai dajin tumbi ya ragu sosai tun da firiji ya shiga gidaje, mutane suka rage dogaro da gishiri wajen ajiye abinci, suka samu ɗanyen ganye da 'ya'yan itace. Mu da muke da kasuwar Farin Gada a bakin ƙofa, kabeji da karas da tumatir da koren wake a arha, wannan ɓangaren bai kamata ya gagare mu ba.

Tambaya, daga wani matashi a Bauchi Road: An rubuta wa mahaifiyata endoskofi amma ta ƙi. Ta ce in aka taɓa daji da ƙarfe yaɗuwa yake, kuma tana tsoron a zura mata roba.

Amsa: Ɗana, tsoron Mama ba abin raini ba ne, na san inda ya samo asali. Ta ga mutanen da aka kai asibiti a makare, aka yi musu aiki, suka rasu ba da jimawa ba, sai aka ce ƙarfe ne. Cutar ce ta riga ta yi nisa kafin a taɓa su. Ɗan tsokar da ake tsinkowa daga bangon tumbi don gwaji bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba a jin zafinsa, kuma ba ya yaɗa daji. A Koriya ta Kudu duk wanda ya kai shekara 40 gwamnati na kiransa gwajin tumbi duk bayan shekara biyu, lafiyarsa ƙalau. Saboda haka suke kama cutar tana ƙarama, wani lokaci ma ta cikin na'urar ake cire ta ba a tsaga ciki ba, kuma mafi yawan waɗanda aka kama a wannan mataki suna warkewa.

Ka zauna ka kwatanta mata yadda abin yake. Za ta kwana ba ta ci komai ba, aƙalla awa 6 zuwa 8. Za a fesa mata magani a maƙogwaro ya mutu, in ta so a yi mata allurar da za ta sa ta gyangyaɗi. Za ta kwanta a gefen hagu, a sa mata wani ɗan abu tsakanin haƙora, a zura siririyar roba mai fitila, kaurinta bai wuce ɗan yatsa ba. Ba ta hanyar numfashi take bi ba, za ta yi numfashinta daidai. Za ta ji yunƙurin amai da kumburin ciki na ɗan lokaci, gaba ɗaya minti 10 zuwa 15 ne. Idan akwai wata ƙawarta ko 'yar'uwa da aka taɓa yi wa, ka kawo ta su yi magana, za ta fi jin ta bakinta fiye da naka ko nawa. Tana da damar neman a sa ma'aikaciyar jinya mace ta tsaya kusa da ita.

Ka tambayi kuɗin tun kafin ranar, har da na gwajin tsokar, domin daban ake biyansa. Idan tana da inshorar lafiya ta tarayya ko ta jihar Filato, ka bincika ko ta ɗauki gwajin, in kuma hali ya yi wuya ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. In tana shan maganin sukari ko na tsinka jini, a gaya wa likita kafin ranar. Ka raka ta, kada ta hau keke ita kaɗai bayan allura.

Sakamakon tsokar yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. A nan ne iyalai da yawa suke sakin hanya, an sha wahalar gwaji, mara lafiya ya ɗan ji sauƙi, takarda tana can ba wanda ya koma karɓa. Tun kafin ku bar asibitin ka tambayi ranar da za ta fito da ofishin da za a karɓa, ka rubuta a wayarka, kai da kanka ka je ka karɓo ka kai wa likitan da ya tura ku.